Garba Lawal da aikin da talabijin ba ta nunawa

Ranar Asabar 13 ga Yunin 1998, kwana biyar da rasuwar Janar Sani Abacha, kusan duk wani namiji mai ƙafa a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim ya hallara a zauren Baffana. Talabijin ɗaya ce tak a garin, baƙi-da-fari, mai aiki da batirin mota, eriyarta ɗaure a kan doguwar gora da ake sa yaro ya riƙa juyawa idan hoto ya fara yayyafi. Najeriya ce za ta kara da Sifaniya a birnin Nantes na Faransa, wasanta na farko a gasar cin kofin duniya ta shekarar.

Hierro na Sifaniya ya fara ci, Mutiu Adepoju ya farke mana da ka. Da aka dawo daga hutun rabin lokaci Raul ya ƙara mana, zaure ya yi tsit, sai ƙarar mafici. Can wajen minti na 73 mai lamba 11 na Najeriya, Garba Lawal, ya kutsa ta gefen hagu har ya kusa ƙure layi, ya turo ƙwallo ƙasa-ƙasa. Mai tsaron gidan Sifaniya, Andoni Zubizarreta, ya kai hannu zai tare, ya tura ta cikin ragarsa da kansa. Minti biyar bayan nan Sunday Oliseh ya saki wannan dundun da har yau ake nunawa, aka tashi 3-2. Yaron da ke riƙe da gorar eriya ya sake ta ya shigo da gudu, hoto ya ɗauke, sai a rediyo muka ji ƙarshen wasan.

Kowa ya san ƙwallon Oliseh. Ta biyun kuwa, a littafin hukumar FIFA an rubuta cewa Zubizarreta ne ya ci gida. Ta farkon ma da Adepoju ya sa wa kai, daga bugun kusurwar mai lamba 11 ɗin ta taso. Ke nan ƙwallo biyu cikin uku ta ƙafar Garba Lawal suka biyo, amma sunansa bai fito a jerin waɗanda suka ci ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya tono min wannan tsohon zance shi ne wata muhawara da aka yi a teburin mai shayi kwanakin baya. Wani tsohon ɗalibina, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba a 1998, yana kallon yanke-yanken Okocha a waya, sai ya ɗago ya ce, "Malam, wai wannan lamba 11 ɗin me yake yi a cikinsu? Duk bidiyon ban ga ya yanke kowa ba." Kafin in buɗe baki wani ya riga ni: "Ai rabon yanki ne ya shigar da shi. Dole a sa ɗan Arewa ko da ɗaya ne." Na sha jin wannan magana tun ina saurayi, yawanci daga bakin 'yan Kudu a tashar mota. Abin da ya ba ni mamaki shi ne jin ta a bakin ɗan gida.

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. A ƙasar da tsarin mulki ya tanadi a raba muƙamai tsakanin sassa, ba laifi ba ne mutum ya yi zargin an kai abin har filin ƙwallo. Sai dai a kan Garba Lawal lissafin ba ya fita. Masu horarwa shida ne suka tafi da shi manyan gasanni cikin shekara goma: Jo Bonfrere ɗan Holan a wasannin Olamfik na 1996 da kofin Afirka na 2000, Bora Milutinovic a kofin duniya na 1998, Shuaibu Amodu a kofin Afirka na Mali a 2002, Festus Onigbinde a kofin duniya na shekarar, Christian Chukwu a kofin Afirka na Tunisiya a 2004, sai Augustine Eguavoen a na Masar a 2006. Biyu Turawa ne, sauran huɗun kuma babu Bahaushe a cikinsu. Onigbinde ma shara ya yi wa ƙungiyar bayan an dawo daga Mali: ya ajiye kyaftin Oliseh, ya ajiye Finidi George, ya ajiye Tijjani Babangida wanda shi ma ɗan Kaduna ne, kuma ya fi Garba suna nesa ba kusa ba. Da ɗan Arewa kawai ake nema don cike gurbi, ai Babangida za a ɗauka. Amma da Garba ya tafi.

In ma an ce duk wannan siyasar Najeriya ce, to Holan fa? Bayan ya buga wa Julius Berger ta Legas da Esperance ta Tunisiya, Garba ya koma Roda JC a 1996, shekarar da Babangida ya bar ƙungiyar zuwa Ajax, ya zauna can har 2002. Roda tana Kerkrade ne, wani ƙaramin gari a bakin iyakar Jamus da aka san shi da haƙar gawayin kwal a da. Mutanen da iyayensu suka yi rayuwa a cikin rami ba sa raina mai aiki tuƙuru. A zamansa ƙungiyar ta ci kofin ƙalubale na Holan sau biyu, 1997 da 2000, kuma a 2002 sai da AC Milan ta kai ga bugun fenareti kafin ta fitar da ita daga gasar kofin UEFA. Babu wani kocin Holan da zai riƙe baƙo shekara shida yana biyan sa albashi don a faranta wa Kaduna rai.

To me suka gani?

Sai an kalli mutanen da aka jera shi da su kafin a gane. A wasan Sifaniya, Bora ya sa Peter Rufai a raga, 'yan baya huɗu, Oliseh a gabansu, sannan Finidi a dama, Adepoju da Okocha a tsakiya, Garba a hagu, Victor Ikpeba shi kaɗai a gaba. Ɗan bayan hagu shi ne Celestine Babayaro na Chelsea, yaro mai jini a jika wanda zuciyarsa kullum tana gaba. Da ya ga hanya ya tafi. Okocha kuwa kowa ya san halinsa: idan ya karɓi ƙwallo sai ya yi abin da ransa ya raya masa, wani lokaci ya yanke mutum uku ya ba da fasin da ba wanda ya hango, wani lokaci a ƙwace a ƙafarsa a tsakiyar fili. Finidi ɗan gefe ne mai jiran a ba shi ya yi kuros. Taribo West ma, da yake ɗan baya, yakan ɗauki ƙwallo ya nausa gaba kamar an aike shi.

Yanzu ka ɗauka an ƙwace ƙwallo a ƙafar Okocha, Babayaro yana can kusa da tutar kwanar abokan hamayya. Faɗin fili mita 68 ne. Oliseh mutum ɗaya ne, ba zai tsare tsakiya ya kuma tsare gefen hagu ba. Idan ɗan bayan tsakiya ya fito ya toshe gefen, ya bar ƙofa a buɗe a gaban raga. Wannan ɗan taƙin, daƙiƙa uku ko huɗu bayan an rasa ƙwallo, a nan ake cin manyan ƙungiyoyi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin Garba shi ne kada bangon ya tsage. Babayaro na wucewa ta bayansa, shi sai ya ja baya ya tsaya a gurbinsa. Ƙwallo na komawa ɓangaren Finidi, sai ya matso ciki kusa da Oliseh su zama biyu. An ƙwato ta, sai ya buɗe can bakin layi don ya ja ɗan bayan abokan hamayya, Okocha ya samu sarari. A wasa ɗaya zai yi wannan kai-da-komowa sau da yawa, kuma a mafi yawansu ko taɓa ƙwallo ba zai yi ba. Sau tari ma nasararsa ita ce fasin da abokin hamayya ya ɗaga kai zai bayar, ya ga an tsaya a hanyar, ya fasa ya mayar baya. Ba a rubuta fasin da aka fasa a ko'ina.

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san ba a haɗa bijimai biyu masu zafin kai a karkiya ɗaya. Kunya za ta karkace, kafin hantsi kuma sun galabaita. Akan haɗa mai zafi da mai sanyin hali wanda ke riƙe layi. Mai wucewa ta hanya mai zafin zai yaba, don shi ke huci yana tada ƙura. Mai gona kuwa ya san wanda ba zai sayar ba ko da an taya shi da tsada a kasuwar Gujungu.

Ni kaina ban fahimci wannan ba sai a shekarar 2000, da aka kawo wasu wasannin kofin Afirka filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Najeriya a Legas take wasanninta, mu rukunin su Masar da Senegal aka kawo mana. Na sayar da buhun gyaɗa na shiga mota. Ranar na fara ganin fili gaba ɗayansa daga sama, na ga ashe lokacin da ƙwallo ke wannan kusurwa, akwai mutum goma sha da ke motsi a can nesa, kowa da dalilinsa. Talabijin ƙwallo take bi. Kuma lissafi ne mai sauƙi: minti 90 a raba wa mutum 22, kowa minti huɗu da 'yan kai zai samu, ko da ƙwallon ba ta taɓa fita waje ba. Sauran minti tamanin da wani abu fa, me ɗan wasa yake yi? Masu horarwa wannan suke kallo. Mu 'yan zaure da gidan kallo minti huɗun muke gani, yaran yanzu kuwa da bidiyon waya ya rage musu shi zuwa daƙiƙa talatin.

Akwai wani dalilin da ya sa aka raina shi, wanda ba laifinsa ba ne: gurbin wanda ya gada. Kafin shi, gefen hagun Najeriya na Emmanuel Amunike ne, mutumin da ya ci Zambiya ƙwallo biyu a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1994, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka na shekarar, ya ci Ajantina ƙwallon da ta ba mu zinare a Olamfik, har Barcelona ta saye shi. Ciwon gwiwa ya hana shi zuwa Faransa. Idon mutane ya saba da ɗan gefen hagu mai yanka da harbi, sai ga wani ya zo yana karɓa yana bayarwa yana komawa baya. Kamar a ɗauke maka kilishi a ajiye maka tuwon dawa ne. Tuwon shi ke riƙe ciki, amma ba za ka yi murna a ranar ba.

Bonfrere ya riga kowa gane amfaninsa. A wasan ƙarshe na Olamfik da Ajantina, ranar 3 ga Agustan 1996, ana cin Najeriya 2-1 bayan hutun rabin lokaci, ya fitar da Okocha ya sa Garba Lawal, yana ɗan shekara 22. A idon ɗan kallo wannan hauka ne: ana binka bashi ka cire mai gwaninta ka sa ɗan aiki. Daga baya Daniel Amokachi ya farke, Amunike ya ci ta uku dab da tashi. Ba na cewa canjin ne kaɗai ya kawo nasarar. Abin da nake nunawa shi ne, mutumin da aikinsa ke kan siraɗi a wannan daren ya ga cewa kafin su Kanu da Amokachi su samu damar kai hari hankali kwance, sai an samu mai riƙe musu tsakiya.

Wani abin lura kuma shi ne lokacin da ƙwallayensa ke zuwa. Bai ci da yawa ba, a wasanni sama da 50 da ya buga wa Najeriya ana iya ƙirga su da yatsu. Amma ta Sifaniya a minti na 73 ta zo. A Mali a 2002, wasan kwata fainal da Ghana ya cije babu ci, saura kamar minti goma a tashi ya ci ƙwallo ɗayan da ta kai mu gaba. A Masar a 2006, wasan neman na uku da Senegal, nan ma saura kamar minti goma ya ci, aka tashi 1-0, yana da shekara 31. Ya kuma ci Benin a Tunisiya a 2004. Ba na ɗaukar wannan a matsayin sa'a. A ƙarshen wasa ƙafafu sun yi nauyi, ɗan baya ya daina waiwaye, hankalin kowa yana kan manyan sunaye. Wanda ya saura da numfashi, kuma ba wanda ya damu ya yi makin ɗinsa, shi ke isowa daga baya ya tarar da ƙwallo. Huhu ne da sanin inda za a tsaya.

Kada kuma son kai ya sa in mai da shi abin da bai kai ba. Ba shi da gudun Babangida, wanda ya ci Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe a Legas a 2000, mutane suka yi ta ihu har a ƙauyuka. Ba shi da idon fasin Oliseh. Kuros ɗinsa wata rana ya yi kyau, wata rana ya wuce kowa ya faɗa bayan fili, mu yi ta tsaki. Idan Najeriya ta haɗu da ƙaramar ƙasa da ta tare a gida tana jira, inda ake buƙatar mai fasa taro da yanka, amfaninsa yakan ragu ƙwarai, kuma masu cewa a cire shi a irin wannan rana suna da hujja. Babu wata babbar ƙungiyar Turai da ta saye shi. Bayan Roda yawo ya yi: Levski Sofia a Bulgeriya, Elfsborg a Suwidin, Iraklis a Girka, kafin ya dawo gida. Ranar da Denmak ta yi mana 4-1 a Faransa, aka ci mu biyu tun kafin minti goma sha biyar, yana cikin fili, bai hana komai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum biyar sun ƙi komowa, mai toshe ɓaraka ɗaya ba zai toshe biyar ba.

Sannan zamaninsa ya zo daidai da shekarun da Najeriya ta yi ta kusa-kusa ba ta kai ba. Azurfa a 2000, bayan Kamaru ta doke mu a fenareti a Legas, ranar da ƙwallon Ikpeba ta daki ƙarfe ta tsallaka layi alƙalin wasa ya ce ba ta shiga ba. Sai tagulla a 2002, tagulla a 2004, tagulla a 2006. Mutane suka gaji da tagulla, kuma fuskar da suke gani a kowace gasa ba ta canzawa ita ce tasa. Haushin ya sauka a kan wanda ya fi daɗewa a wurin, ba don shi ya jawo ba.

Abin dariya shi ne, samarin da ke raina Garba su ne za su cika ka da labarin Claude Makelele, ɗan wasan tsakiya mai toshe ɓaraka, yadda Real Madrid ta sayar da shi ga Chelsea a 2003 ta tsaya da taurari zalla, ba ta sake cin gasar Sifaniya ba sai 2007. Su ne ke yabon N'Golo Kante da Park Ji-sung na Manchester United. Sun yarda da irin wannan aiki idan mai sharhin Turai ya nuna musu shi da kibiya a allo. A zamanin Garba babu mai zana mana kibiya. Ko da yake ba wuri ɗaya suke bugawa ba, Makelele a gaban 'yan baya yake zaune, Garba kuwa daga gefe yake shigowa, ya fi kama da Park. Har ɗan bayan hagu ya buga idan an rasa mai bugawa, ba a taɓa jin ya yi ƙorafi a jarida ba.

Ina koyarwa a firamare, da yamma kuma ina horar da yaran garinmu a filin makaranta, wanda rabinsa yashi ne rabinsa ƙaya. Ranar da aka kawo mana sabuwar jesi, rigima ta tashi a kan lamba 7 da lamba 10. Kowa Ahmed Musa yake son zama, ko Rabi'u Ali na Kano Pillars. Akwai wani ɗan ƙanwata, siriri, ba ya iya yanka ko kaɗan, amma tun da safe yake bin shanu kuma bai san gajiya ba. Na ba shi lamba 11 na ce, "Kai aikinka ɗaya ne. Duk lokacin da na bayanka ya wuce gaba, ka koma wurinsa. Kada ka jira in yi maka magana." Ya ɓata rai ya ce, "Kawu, ni ke nan ba zan ci ba?" Na ce ya bari sai saura minti goma, lokacin kowa ya gaji, sannan ya riƙa shiga.

A gasar bayan girbi da muka buga da ƙauyukan maƙwabta, wasa huɗu aka ci mu ƙwallo biyu kacal. Bai ci ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya isa gaban raga shi kaɗai ya ɗaga ta sama ta faɗa gonar rogo. Da aka zo raba kyauta, mai lamba 10 aka ba sabon takalmi. Sai dai bayan an watse, mai horar da ƙungiyar da ta fitar da mu, wani dattijo da ya taɓa buga ƙwallo a Hadeja, ya tako har inda nake ɗaure raga a bayan babur ya ce, "Malam, wancan siririn na hagu ɗan wane ne?"

Garba Lawal, wanda abokansa ke kira Chindo, bai rabu da harkar ƙwallo ba bayan ya daina bugawa, har ya taɓa riƙe muƙamin babban manajan Kaduna United. Baffana kuma ya tsufa, idonsa ya yi rauni, tsohuwar talabijin ɗin tana ƙarƙashin gado kaji na ƙwai a bayanta. Da na ba shi labarin muhawarar teburin mai shayi, na gaya masa har yau a rubuce Zubizarreta ne ya ci ƙwallon nan ta biyu, sai ya gyara zama a kan buzu ya ce, "Shi golan da kansa ya ɗauko ta daga tsakiyar fili ya kawo?" Na ce a'a. Ya ce to a miƙo masa goronsa.